Shekarar da Yaya Ya Dawo Daga Yaƙi

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Barnawa, aji uku ne a hannuna. Ni da Inna muke zaune a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bari, ɗaki uku da falo, da bishiyar gwaiba a tsakar gida. Mu biyu Inna ta haifa, ni da yayana, kuma shi soja ne. An tura bataliyarsu wata ƙasa a Yammacin Afirka aikin kwantar da tarzoma, ya yi kusan shekara biyu a can. Wasiƙa uku muka samu daga gare shi a duk tsawon lokacin, ba wadda ta cika shafi.

Kafin ya tafi, Yaya mutum ne mai barkwanci. In ya zo hutu daga bariki gidanmu ba ya rabo da abokai. Ya iya kwaikwayon muryar kowa, daga mai karanta labarai a rediyo har mai tallan kalanzir na layinmu, Inna tana dariya tana cewa ya ji tsoron Allah ya bar mutane.

Da damina ya dawo. An sallame shi daga aiki saboda rauni a ƙafar hagu, yana ɗingishi kaɗan. Duk wanda ya zo barka da zuwa ƙafar yake tambaya, mu ma ita muka sa wa ido. Inna ta samo man shafawa, ni kuma ina raka shi wankin ciwo. Cikin wata biyu ƙafa ta warke, muka ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare.

Abin da na fara lura da shi wurin zamansa ne. Kujerar da ya saba zama tun yana yaro tana ba ƙofa baya. Ya daina zama a kanta, ya ja wata zuwa kusurwa, inda yake ganin ƙofa da taga gaba ɗaya. In mun je gaisuwa gidan 'yan uwa ma sai ya tsaya ya ƙare wa ɗakin kallo kafin ya zaɓi wuri. Na ɗauka tarbiyyar soja ce.

Sai kuma barci. Kullum da safe idonsa jajur, zanin gadonsa jiƙe da gumi ko da an kwana ana ruwa. Inna, da ɗakinta ke jikin nasa, ta ce tana jin yana magana, wani lokaci yana kiran sunan wani mutum da ba mu sani ba. In na tambaye shi ya ya kwana, sai ya ce lafiya lau, ya kau da kai.

Ya daina cin gasasshen nama. Akwai mai tsire a bakin titinmu da suka saba hira tun da can, amma yanzu in mun doso wurin sai Yaya ya tsallaka ɗaya gefen, ya toshe hanci da hannun riga. A lokacin kowa na manne da rediyo, ana son a ji wa aka naɗa, me 'yan majalisa suka ce, domin abin sabo ne a gare mu. Shi kuwa da an shiga labaran ƙasashen waje zai miƙe ya kashe. Abokansa suka yi ta zuwa, yana cewa in ce musu ba ya nan, har suka gaji suka ɗauke ƙafa.

Ranar da na fara jin tsoronsa, faranti ne ya suɓuce mini a kicin ya faɗi kan siminti. Kafin in sunkuya ya iso bakin ƙofa, ya rufe ni da faɗa kamar na yi kisan kai. Tun muna yara bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da ya gama ya tsaya yana kallon hannayensa, ya koma ɗaki ya rufe. Na yi kwana uku ba na gaishe shi. A zuciyata cewa nake ya je ya koyo wulaƙanci, yana ganin mu farar hula ba mu kai ya yi mana magana ba. Har yau in na tuna kwana ukun nan sai in ji kunya.

Inna ta yanke cewa iska ce, ko kuma wani asiri aka yi masa a can ƙasar. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi, wani malami daga Tudun Wada ya zo ya yi masa ruƙiyya sau biyu. Yaya bai yi gardama ba. Ya zauna an yi masa karatu, ya sha abin da aka ba shi, ya yi godiya. Maƙwabta kuma suna ta nasu lissafin. Wata ta ja ni gefe ta ce in duba aljihunsa, sojoji da yawa da wiwi suke dawowa. Na duba, ba zan ɓoye ba. Ban samu komai ba sai carbi da wani tsohon hoto na su biyar cikin kaki.

Haka muka kai watan Disamba. Mahaifinmu ya bar tsohuwar mota da ta daɗe a gareji a Kakuri, wurin wani makanike ɗan ƙabilar Ibo da yake gyara masa ita tun ina ƙarama. Kowa Oga yake ce masa, mu ma haka. Dattijo ne gajere mai furfura, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan, sai dai in ya yi zafi ya juye zuwa Turancin buroka. Ya aiko cewa mota ta tashi. Na lallashi Yaya ya raka ni wata Asabar da hantsi, don shi ya iya tuƙi, kuma ina so ya sha iska.

Muna tsaye Oga ya buɗe bonet yana nuna wa Yaya abin da ya canja a kafireta. Lokacin Kirsimeti ya matso, yaran unguwa sun fara jefa banga, irin nakiyar wasan nan mai ƙara. Wani ya jefa guda ta faɗo bayan garejin ta fashe.

Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ni a ƙasa, cikin kwata, Yaya a kaina. Ya danne mini kai da hannu ɗaya, yana ba da umarni da Turanci, yana kiran sunan nan da Inna take ji, yana cewa ya kwanta, ya kwanta. Wani ƙarfe ya yanke ni a damtse. Na kira shi ya fi sau biyar, bai ji ni ba. Idonsa a buɗe yake, amma ba Kakuri yake gani ba.

Mutane suka taru. Wasu na dariya, wani ya ce a kawo igiya. Oga ya juya ya kore su da buroka, da wata murya da ban san yana da ita ba. Sannan ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da mu, bai taɓa Yaya ba, ya yi magana a hankali.

"Soja, nan Kakuri ne. Garejina ne. Yau Asabar. Banga ce yara suka jefa. Wadda ke ƙarƙashinka ƙanwarka ce, malamar makaranta. Duba motar babanka, ga ta nan."

Ya yi ta maimaitawa, bai gaji ba. Can na ji hannun Yaya ya saki. Ya tashi zaune a bakin kwatar yana haki, ya dube ni, ya dubi jinin da ke hannuna. Oga ya miƙa masa fiya wata, ruwan leda mai sanyi, ya ce ya riƙe a tafin hannu tukuna kafin ya sha. Ranar Oga ne ya tuƙa mu gida.

Bayan kwana biyu, da aka tashi daga makaranta, na hau acaɓa na koma garejin don in yi godiya. Oga ya goge benci ya ce in zauna.

"Malama, tun yaushe yake haka?"

Na ce tun dawowarsa, wata biyar ke nan. Ya tambaye ni ko yana barci, ko akwai abin da yake gudu, ko yana saurin fushi. Na yi mamaki, na ce kamar yana gidanmu.

Ya juya sifana a hannu. Ya ce lokacin yaƙin basasa yana saurayi, a ƙauyensu can gabas. Bai ba ni labarin abin da ya gani ba, ni ma ban tambaya ba. Cewa ya yi shekara talatin ke nan, amma har gobe in jirgin sama ya wuce ƙasa-ƙasa sai ya sunkuya yana neman wurin ɓuya, kuma shi ya sa bai taɓa zama kusa da filin jirgi ba. Ya ce yana da wa da ya yi yaƙin, ya dawo kamar Yaya. Suka kai shi gidajen addu'a, suka kai shi wurin masu magani, daga baya suka ɗaure shi. Giya ce ta ƙarasa shi.

"Ba mu san ciwo ba ne," in ji shi. "Da mun sani, da asibiti muka kai shi. Ku ga asibitin a unguwarku, kuna wuce shi kullum."

Na gane wanda yake nufi. A Barnawa kowa ya san asibitin ƙwaƙwalwa, kuma ba wanda yake kiransa da wannan sunan.

"Oga, asibitin mahaukata fa ke nan. Yayana ba mahaukaci ba ne."

"Ban ce mahaukaci ba ne. In mota tana ɗaukar zafi ba a kai ta wurin mai faci, ko da shi ne kusa. Ki kai shi inda suka san wannan aikin."

Na dawo gida ina juya maganar. Abin da ya fi damuna, gaskiya, bakin mutane ne. Iyayen ɗalibaina a unguwar suke. Ina tunanin wa zai gan mu a bakin get ɗin, me za a ce a ɗakin malamai. Sai da na kwana biyu kafin na yarda cewa kunyar kaina nake ji, ba tasa ba.

Inna ta ƙi da farko. Ta ce ita ba za a ce ɗanta ya taɓu ba, kuma wa zai ba shi mata in aka ji. Na ce mata ai an riga an gan shi cikin kwata a Kakuri, abin da za a faɗa an faɗa. Ta yi kuka, ta ce in je in tambaye shi, in ya yarda ita ba ta hana ba.

Na same shi da la'asar a gindin gwaiba. Tun ranar garejin bai yarda mun haɗa ido ba. Na zauna kusa da shi na faɗa masa abin da Oga ya ce, har da labarin wan Oga. Sai ya nuna bandejin da ke hannuna.

"Ban san ke ce ba," ya ce. "Wallahi ban san ke ce ba. Shi nake gani."

"Na sani, Yaya."

"Ba ki sani ba. Da akwai wani abu a hannuna ranar, ban san me zan yi ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Mu je. Amma da sassafe, kafin mutane su fito."

Muka je ranar Talata. Na yi zaton zan tarar da ihu da sarƙoƙi. Abin da na tarar mutane ne zaune a kan benci riƙe da kati, wata mata na saƙa hula, wani dattijo na karanta jarida. Likitan da muka gani mutumin kudancin jihar ne, mai matsakaicin shekaru, ba ya gaggawar magana. Da muka shiga ya lura Yaya yana kallon ƙofa, sai ya ce ya ja kujerar duk inda ya fi masa daɗi.

Ya fara da ni. Ya ce in faɗi yadda Yaya yake da, da yadda yake yanzu. Na faɗi komai, har da farantin. Sannan ya juya ga Yaya yana tambaya ɗaya bayan ɗaya, kuma tun farko ya ce masa ba dole ne ya ba da labarin abin da ya faru dalla-dalla ba. Ya tambaye shi ko ya shiga halin da ya ga mutuwa da idonsa, tasa ko ta wani. Ko abin yana dawo masa ba tare da ya kira shi ba, a mafarki ko ido biyu, har ya ji kamar yanzu ake yi. Ko akwai wari, ko ƙara, ko wuri da yake kauce wa. Ko yana jin daɗin abubuwan da ya saba jin daɗinsu. Yaya yana amsawa da e ko a'a, kansa a ƙasa.

Da likitan ya ce, "Kana ganin laifinka ne abin da ya faru?" sai Yaya ya saci kallona. Likitan ya dube ni ya ce in ɗan jira a waje. Na fi rabin awa a kan benci. Daga baya Yaya ya gaya mini cewa a nan ne aka tambaye shi ko yana shan wani abu don ya samu barci, da ko ya taɓa tunanin ya huta da duniyar gaba ɗaya. Bai gaya mini amsar da ya bayar ba.

Ranar ba a faɗa mana sunan ciwon ba. Likitan ya sa aka ɗebi jini, ya tambaya ko Yaya ya taɓa buguwa a kai, ya ce akwai cututtukan jiki da kan kawo rashin barci da faɗuwar gaba, yana so ya tabbatar ba su ba ne. Ya ce mu dawo bayan mako guda.

A zuwa na biyu ne ya yi mana bayani. Ya faɗi sunan da Turanci, dogon suna, ya rubuta mini a takarda. Sannan ya ce da Hausa, ciwon damuwa ne da kan biyo bayan mummunan tashin hankali. Ya ce duk wanda ya ga abin firgici zai yi kwanaki ko makonni ba ya cikin natsuwa, wannan ba ciwo ba ne, yakan wuce. Amma in aka haura wata guda abin bai lafa ba, yana dawowa, mutum yana gudun duk abin da zai tuna masa, kullum a ɗarare, har ya hana shi aiki da zama da mutane, to ya zama ciwo. Ya ce jikin Yaya ya koyi zama cikin shiri don ya tsira, kuma ya tsira, amma har yanzu jikin bai yarda an gama ba. Ya ƙara da cewa ba sojoji kaɗai yake kamawa ba. Yana ganin wanda ya yi hatsarin mota, da wadda 'yan fashi suka shiga gidanta, da wanda gobara ta rutsa da shi.

Yaya ya ɗago kai. "Likita, ka faɗa mini gaskiya. Hauka ce?"

"Ba hauka ba ce."

"To tsoro ne ke nan. Mu biyar ne, ni kaɗai na zama haka?"

"Sauran ka tambaye su yadda suke kwana?" in ji likitan. Yaya ya ce biyu sun rasu, biyu kuma bai neme su ba. Likitan ya ce, "Ba a auna jarumtaka da wannan. Na ga masu lambar yabo a kan kujerar nan."

Ya rubuta masa magani, ya ce zai ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kada ya daina don ya ji shiru. Ya haɗa shi da wata ma'aikaciya da za su riƙa zama suna magana duk mako. Ni kuma ya ce kada mu riƙa zuwa masa ta baya, kada mu matsa masa da tambaya, kuma in abin ya taso mu yi masa yadda Oga ya yi. Na ce Inna za ta tambaya game da addu'a. Ya ce ta ci gaba, shi ma yana yi wa marasa lafiyarsa, sai dai a haɗa da magani.

A hanyar gida Yaya ya karɓi takardar daga hannuna ya karanta sunan sau biyu. Ya ce, "Ashe har suna gare shi." Ya ninke ta ya sa a aljihu. Na ga kafaɗunsa sun ɗan sauka, ko kuma ni ce nake so in ga haka.

Sauƙin bai zo da sauri ba. Akwai makon da ya dawo daga wurin ma'aikaciyar ya ce ba zai sake zuwa ba, don ta sa shi ya faɗi abin da ya shekara yana binnewa. Ya koma da kansa mako na gaba. Wajen wata na huɗu Inna ta ce ta daina jin maganarsa cikin barci sai jefi-jefi. Ya nemi abokan aikinsa biyun nan, ya samu ɗaya a Zariya, ya tarar matarsa ta yi yaji sau uku saboda irin wannan halin.

Sai da aka shekara shida kafin ya ba ni labarin mai sunan da yake kira cikin barci. Muna cikin mota za mu Romi, inda ya fara kiwon kaji. Ya ce abokinsa ne, a wani shingen bincike, sun yi musayar wurin tsayuwa don ƙafar Yaya ta gaji. Minti kaɗan bayan haka aka buɗe musu wuta. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya ci gaba da tuƙi. Ya yi aure, yana da 'ya'ya huɗu yanzu. Barkwancin nan bai dawo duka ba, kuma na daina jiran ya dawo.

Shekarar da ta biyo bayan zuwanmu asibiti aka yi rikicin addini a garin, wanda ya sa mutane da yawa suka tsallaka kogi, wasu suka yi arewa, wasu suka yi kudu. Oga ya kwashe iyalinsa ya tafi gida, bai dawo ba, kuma ban samu na yi masa sallama ba. Da aka buɗe makarantu, kusan rabin ajina sababbin fuskoki ne. Ina da al'adar buga bulala a kan tebur in surutu ya yi yawa. Ranar farko da na buga, wata yarinya a layin gaba ta shige ƙarƙashin benci ta rufe kunnuwa, wasu biyu suka daskare a zaune. Na ajiye bulalar, na je na tsuguna nesa kaɗan da ita, na faɗa mata sunan makarantar da sunan ranar, na ce ni ce malamarta. Da aka tashi na aika a kira mini uwarta. Ta zo washegari da goyo, a tsorace, tana zaton wani laifi 'yar ta yi. Na ba ta kujera, na tambaye ta yadda yarinyar take kwana.